Zogalen Gado da Ruwan Esi

Matso nan, ɗan'uwa, ja kujera ka zauna, ka kife wayar nan tukuna. Shayin bai huce ba, kuma labarin da zan ba ka ba ya son gaggawa, don mutumin da zan ba ka labarinsa ya rantse ya bar gaggawa har abada. Sunansa Gado, mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim. In ka je Alwukair yau, can gefen Doha inda gidajen ma'aikata suka jeru kamar akwatunan ashana, ka ce kana neman Gado mai zogale, ko ɗan Nefal ka tambaya zai nuna maka tagarsa.

Kafin ya zama mai zogale, Gado Yalla ake ce masa. Ya sauka Ƙatar ana gab da ɓullar korona, da takardar aikin gadi da zuciya mai saurin tafasa. Kalmar Larabcin da ya fara koya ita ce yalla, wato yi sauri, ya riƙe ta ya ƙi saki. Direban bas, yalla. Mai tuya a kicin, yalla. Ko liman ne ya ɗauko doguwar sura, sai ka ji Gado can sahun baya yana gyaran murya.

An ajiye shi gadin wani dogon bene da ake ginawa a Lusail. Da cutar ta yi ƙarfi aka killace leburorin a masaukinsu, aiki ya tsaya cik. Aka bar Gado a bakin get da takunkumi a fuska, ba wanda zai ce wa yalla sai maguna. Mutum ɗaya ne ya rage a wurin, wani dattijo ɗan Sin mai kula da sito, wanda jirginsa na komawa gida ya ƙi tashi, yake kwana a cikin kwantenar ofis. Masu gadi na kiransa Baba Can.

Kullum da safe Baba Can zai fito ya tsaya a fili, yana ɗaga hannuwa a hankali yana saukewa, kamar mai dama kunu a cikin iska. Gado ya daure, ya daure, ran nan ya kasa.

“Baba, yalla mana! In rawa ce ka taka, in dambe ne ka kai naushi. Wannan abin naka yana sa ni ƙaiƙayi.”

Dattijon ya yi murmushi, ya yafito shi. Turancinsu su biyun in an haɗa ba zai cika kofi ba, don haka sai waya ta shiga tsakani: Baba ya yi magana a cikinta, ita ta rubuto wa Gado. Ya kai shi bayan kwantenar, inda bututun esi, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigar da ruwa, ɗis, ɗis. A ƙarƙashin ɗigon wata ciyawa ta fito kore shar, a tsakiyar tsakuwa da garin siminti.

Wayar ta ce iska ce ta ɗauko laima daga teku, injin ya matse ta, ruwan ya sauka, ciyawa ta tsiro. Ƙwaro ya zo don ciyawa, tsuntsu ya zo don ƙwaro, mage ta zo don tsuntsu. Kowane yana riƙe da wani, kuma ba wanda aka yi wa tsawa. Ta ce su can suna kiran wannan Tao, wato hanyar da abubuwa ke bi in ba a takura musu ba.

“Tsaya tukuna,” in ji Gado, ya ja da baya. “Addini ne? Don ni da sallata.”

Baba Can ya yi dariya, ya nuna masa ya je ya yi sallarsa, shi maganar ciyawa yake yi. Sai hankalin Gado ya kwanta.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Duk lokacin da dattijon nan ke wannan bayani, hannunsa bai zauna ba. Ya gyara bakin bututun don ɗigon ya faɗa daidai kan saiwa, ya tsince ledar da iska ta kawo, ya cika wa maguna gwangwaninsu, ya share wurin tas. Gado bai ga ko ɗaya ba. Idonsa na kan gilashin waya yana karanta fassara. Da aka buɗe hanya Baba Can ya koma ƙasarsu, ya bar wa Gado rabin darasi, wato rabin da ba ya sa gumi.

A ɗakinsu na Alwukair aka fara ganin sakamako. Abokin zamansa na kusa shi ne Abdul-Rahaman, ɗan Zangon Kumasi, mai lodin kaya a filin jirgin Hamad, mutum mai faɗin kafaɗa da son zolaya. Ɗakin yana da tsari: yau wane ke wanke-wanke, gobe wane ke fitar da shara. Da layi ya zo kan Gado, sai aka same shi a kan katifa ya harɗe ƙafafu, ido a lumshe.

“Massa, kwanuka na jiranka,” in ji Abdul-Rahaman, wanda kamar sauran 'yan Ghana ke kiran mutum massa ko cale.

“Ɗan Ghana, ka cika takura wa duniya. Ka san tururuwar da ke cin ragowar nan? Ka san ƙadangaren da ke cin tururuwar? Komai a haɗe yake. In na wanke, na yanke wa wani abincinsa.”

“Cale, to ni wa zan ci? Kai?”

“Ka ga irinta ko? Fushi. Ruwa ba ya fushi, shi ya sa yake isa duk inda ya nufa.”

“To ka ce wa ruwan ya nufi kwanon nan.”

Ƙarshenta dai Abdul-Rahaman ya wanke, don yana son cin abinci. Gado ya buɗe ido ya ga kwanuka a kife suna ƙyalli, ya gyaɗa kai ya ce, “Ka gani? Ban ɗaga hannu ba, abu ya yi kansa.”

Zogalen kuwa ga yadda ya samu. Tun kafin kulle, matarsa Rahmatu ta aiko masa da ƙunshi ta hannun wani da ya dawo hutu: yaji, kuka, daddawa, da 'ya'yan zogale a ƙulle a leda, wai ya riƙa taunawa don maganin jiki. Ya tauna ɗaya, ya yatsine fuska, ya buɗe taga ya watsar da sauran. A bayan tagar akwai wani ɗan tsagi tsakanin bango da daɓen siminti, ƙasarsa ba zurfi, ƙarƙashinta dutse ne. Nan bututun esin ɗakinsu ke ɗiga. In ka san zafin Doha, lokacin da iska ke zama kamar numfashin tukunya, ka san esi ba ya hutawa, kuma ruwan da yake tsiyayarwa ba kaɗan ba ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yan nan ya samu wuri ya tsiro.

Ranar da Gado ya gane ganyen, sai da ya tara mutanen bene guda. “Ku zo ku ga ikon Allah! Ban shuka ba, ban yi ban ruwa ba, ban ce masa yalla ba!”

Itacen ya miƙe har ya wuce taga. Ya zama abin kallo, kuma ya zama mumbarin Gado. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hausawan Najeriya da na Zango sukan zo su ɗan tsinki ganye don kwaɗo, saboda kewar gida ba ta da magani sai abin da harshe ya sani. Gado ba ya hana kowa, amma sai ka saurari wa'azi kafin ka tsinka. Tekun Farisa, in ji shi, yana cikin ganyen nan, kai kuma in ka ci, tekun ya shiga cikinka. Kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa, yana ɗaga yatsa sama: “Wannan hannun nawa bai taɓa zuba masa ko ɗigo ba, kuma ba zai taɓa ba. Ranar da kuka ga na ɗauki buta na nufe shi, ku ce Gado maƙaryaci ne.”

Har Rahmatu sai da ta sha nata. Ta kira shi ta bidiyo tana faɗa masa katangar bayan gida ta zube da damina, awaki na shiga suna cinye mata kuɓewa.

“Rahmatu, ki daina faɗa da akuya. Ita ma hanyarta take bi.”

“To, Malam,” in ji ta, “Allah ya ƙara ilimi. Ni dai bari in je in kore ta da muciya, hanyar tawa ke nan.”

Yanzu bari in faɗa maka abin da Gado bai taɓa tambayar kansa ba. Doha tana da sanyinta. In ƙarshen shekara ya zo, ana kashe esi, a ciro barguna, bututu ya bushe ƙayau har tsawon watanni. To me zogalen ke sha a lokacin? Ba wani abin ɓoye ba ne. Abdul-Rahaman ba ya son layin banɗaki, sai ya saba ɗaukar butarsa ya zagaya bayan taga ya yi alwala a gindin itacen. In ya ɗauraye tukunyar shayi ma nan yake juyewa, don yana son kwaɗo. Bai ɗauki abin a bakin komai ba, bai kuma taɓa ambata ba. Gado kuwa ba ya zagayawa bayan taga sai in akwai masu sauraro.

Haka aka yi sanyi biyu. Sai ga shekarar Kofin Duniya. Ghana ce ta hana Najeriya zuwa, kuma Abdul-Rahaman bai bar Gado ya manta ba.

“Massa, kada ka damu. 'Yan ƙwallonku ma ɗalibanka ne. Ba su takura wa raga ba.”

Da baƙi suka fara kwararowa, aikin filin jirgi ya ninka, kamfanin su Abdul-Rahaman ya kwashe ma'aikatansa ya kai su masauki kusa da wurin aiki. Ya tattara jakarsa da butarsa ya tafi. Aka kawo wani a gadonsa, Muttaka, Bazazzage siriri mai ƙaramar murya, direban bas ɗin 'yan kallo. Shi kuma Gado aka mayar da shi tsaron shinge a hanyar filin wasa na Lusail, yana wuni a tsaye cikin ihu da ganguna da mutane masu fenti a fuska. Gasar kuma a lokacin sanyi aka sa ta. Aka kashe esi.

Da farko ganyen ƙasa ne ya yi rawaya. Gado ya ce itace na canza riga. Sai na tsakiya ya fara zuba. Gado ya ce yana hutawa ne. Da rassan sama suka sunkuya kamar wuyan kaza mara lafiya, masu zuwa tsinkar ganye suka fara kallon juna.

“Malam Gado, ƙishirwa yake ji,” in ji wani dattijon direba. “Ka ɗan zuba masa ruwa mana.”

Ka ga inda aka kama shi? In ya zuba, ya ƙaryata kansa a gaban duk wanda ya taɓa tsayawa ya saurare shi don ganye. In wani ya zuba da saninsa, duk ɗaya ne, an takura wa itace. In kuma ya bari, zogalen ya mutu, kuma da shi za a binne malantar Gado, ya koma Gado Yalla mai gadin shinge. Sai ya hana kowa taɓawa, ya ce a bar abu ya bi hanyarsa. Amma ya daina cin abinci sosai.

Ran nan yana tsaye a bakin shinge dabara ta faɗo masa. Ai ba shi ke ba itacen ruwa ba tun asali, esi ne. In ya kunna esi, bai zuba ruwa ba, ya dai buɗe wa hanya ƙofa. Da ya koma ɗaki ya ɗauki rimot, ya danna har sai da lambar ta ƙi sauka, ya saka rimot ɗin a aljihun wandonsa.

Da gari ya waye ɗakin ya zama firij ɗin mai kifi. Muttaka ya fito daga cikin bargo da hular sanyi da safa a hannu, leɓensa ya yi fari.

“Yaya Gado, don girman Allah, laifin me muka yi maka?”

“Muttaka, sanyi da zafi 'yan uwan juna ne. In ka daina faɗa da sanyi, shi ma zai daina faɗa da kai.”

“To ka gaya masa na daina. Shi ne bai daina ba.”

Gado ya zagaya bayan taga da ɗoki. Abin da ya tarar bai fi hawayen jariri ba. Iskar sanyi ba ta ɗauke da laimar da za a matse, kuma injin da ya ga ɗakin ya riga ya ƙanƙare sai ya riƙa tsayawa da kansa. Ko shi ya fi Gado sanin lokacin da ya kamata a bari.

Wani mutumin a nan zai tsaya. Gado ya zauna ya yi nazari. Baba Can ya ce laima injin ke matsewa. To in babu laima, sai a samar. Ranar hutunsa ya aro butar lantarki ta dafa shayi, ya cika ta da ruwan famfo, ya ɗora a kan kujera daidai ƙarƙashin esi, ya buɗe murfin, ya bar ta tana tafasa. Tururi na tashi, esi na shaƙa, bututu ya fara ɗis, ɗis. In ruwan ya ƙare ya sake cikowa. Ya wuni yana jigila tsakanin famfo da ɗaki, gumi na keto masa cikin sanyi, mutumin da ya shekara biyu bai wanke cokali ba.

Da la'asar sakaliya Muttaka ya shigo, tun lokacin tashinsa bai yi ba. Tari ya sarƙe shi a bakin aiki, kuma ka san bayan korona tari a cikin bas ya fi ƙarar bindiga tsorata mutane. Shugabansu ya sauke shi daga mota, ya ce ya je ya warke tukuna, a ranar da aka sa shi kai 'yan kallo babban wasa. Ya tsaya a ƙofa yana kallon ɗakin: bango na tsiyaya, katifu sun yi danshi, Gado na tsugune gaban buta kamar mai turare.

“Yaya Gado, wannan ruwan da kake dafawa, ina za shi?”

“Sama. Daga nan ya bi ta inji, ya fita ta bututu, ya sauka gindin zogale.”

“Daga famfo ka ɗebo shi?”

“Daga famfo.”

“Kuma famfon nan ya fi kusa da zogalen a kan ɗakin nan?”

Gado ya ce, “Ba za ka gane ba. Kai direba ne, ka saba da gajeriyar hanya.”

Muttaka mai ƙaramar murya, ran nan aka ji muryarsa har bene na sama. Suna cikin kokawar rimot wuta ta ɗauke a layin ɗakunan gaba ɗaya, don butar da esin sun fi ƙarfin wayar wutar. Shugaban masauki ya zo, ya ga bango jiƙe, ya kwashe buta da rimot ya saka a leda. “Khalas,” in ji shi, “an gama, ba esi sai zafi ya dawo.” Ya fita yana magana shi kaɗai da yarensu.

Bayan kwana kaɗan aka fitar da Ghana daga gasar, Abdul-Rahaman ya samu hutu ya zo Alwukair don a yi masa dariya a gama. Ya tarar ba mai ƙarfin dariya. Gado na zaune a kan bulo a bayan taga, ya zuba wa itacen ido. Ganye ya rage a reshe ɗaya tak.

“Kai, massa, me ya samu abokina?”

“Lokacinsa ne ya yi,” in ji Gado, murya a dashe. “Komai da ya zo zai koma.”

Ana cikin haka aka kira salla. Abdul-Rahaman ya ari butar Muttaka, ya cika, ya dawo ya tsuguna a gindin zogalen yadda ya saba, ƙafarsa ta faɗa daidai wani ɗan gurbi da ta riga ta yi wa kanta a ƙasar. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ruwa na gangarawa cikin tsagin, ƙasar na shanyewa da ƙara kamar mai zuƙar koko. Gado ya kalli gurbin ƙafar. Ya kalli ruwan.

“Ɗan Ghana. Tun yaushe kake alwala a nan?”

“Tun yana ƙarami. Layin banɗaki ya yi yawa.”

“Har da sanyi?”

“Har da sanyi. Cale, da kai a ina ka ɗauka yake sha in an kashe esi? Tekun ke tasowa da ƙafa?”

Gado ya sake kallon gindin itacen. Na so in ce maka ya ji kunya, amma ban saba yi maka ƙarya ba. Abin da ya bayyana a fuskarsa haske ne, irin na wanda ya tsinci makullinsa a aljihun da ya riga ya duba.

“Allahu akbar,” in ji shi a hankali. “Ka ga abin da nake faɗa muku? Layin banɗaki, da kai, da buta, da zogale. Komai a haɗe yake!”

Abdul-Rahaman ya dube shi, ya dubi Muttaka da ke tari a taga, ya shafa kansa ya tafi salla.

Zogalen bai mutu ba. Rabinsa na sama ya bushe, aka karye shi, amma gindin ya sake tofo kafin a gama kwashe tutocin gasar daga tituna. Dalili kuwa, tun daga ranar Gado ya mayar da alwalarsa bayan taga. Ba da buta yake zuwa ba, don ya yi rantsuwa a kan buta. Da bokitin fenti yake zuwa, cike fal, yana rangaji. Muttaka ya ce bai taɓa ganin alwalar da ke cin bokiti guda ba, ya kuma tuna masa cewa malamai sun hana ɓarnar ruwa. Gado ya ce ba ɓarna a cikin halitta. In wani ya ce, “Malam, ashe an fara ban ruwa?” sai ya ɗago da fuska jiƙe ya ce, “Wane ban ruwa? Alwala nake. In ruwan ya ga dama ya bi ta gindin itace, hanyarsa ce.”

Har yau ran Juma'a yana nan yana ɗaga yatsa, ana saurare ana tsinkar ganye. Kwanuka kuwa Muttaka ke wankewa, kuma Rahmatu ta tashi katangarta da hannunta.

To, shayin ya ƙare. Amma kafin ka ɗauki wayarka, kai da kake ta dariya tun ɗazu: abin nan naka da kake cewa da kansa yake tafiya lafiya lau, ka taɓa zagayawa bayan taga ka ga ko ƙafar wa ce ta yi gurbi a gindinsa?